Sharhi: Sauya Kamshaf Ɗin Babur, Riba Ko Asara Ga Mahayin Batsari Da Safana?

Sharhinmu na yau a kan wani ɗan guntun ƙarfe yake, wanda ke ɓoye a cikin injin babur, amma shi ke yanke hukuncin yadda mashin zai ja da yadda zai sha mai. Kanikawa suna ce masa kamshaf. Tun da wayar hannu ta kawo bidiyon masu tseren babura na Indonesiya da Tailan da Amurka har cikin rumfunan gyara, ba abin mamaki ba ne a ji matashi yana tambayar ogansa ko akwai kamshaf ɗin da za a sa wa Boxer ko Honda ya ƙara wuta. Akwai shi, kuma yana aiki. Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne, ga mutumin da ke hawan mashin tsakanin Batsari da Ruma da Wagini, ko tsakanin Safana da Runka da Zakka, wannan canji ciniki ne da zai miƙa ƙarfin da yake cin abinci da shi kullum, ya karɓi wani ƙarfin da hanyarsa ba za ta bar shi ya mora ba.

Bari mu fara da aikin ƙarfen kansa. Injin irin waɗannan babura yana da bawul biyu, ɗaya na shigar da iska gauraye da fetur, ɗaya na fitar da hayaƙi. Kamshaf sanda ce mai ƙusumbi, idan ta juya sai ƙusumbin ya danna roka, roka ta danna bawul ya buɗe, sannan sifirin ya mayar da shi ya rufe. Duk juyi biyu na karanshaf, kamshaf juyi ɗaya yake yi. Ke nan idan inji yana juyi 6,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 50 a daƙiƙa guda. Siffar wannan ƙusumbi ita ke tsara abu uku: zurfin da bawul zai buɗe, tsawon lokacin da zai daɗe a buɗe, da ɗan taƙin da bawul ɗin biyu za su kasance a buɗe tare. Wanda ake kira kamshaf ɗin tsere ba wani sihiri ke cikinsa ba, ƙusumbinsa ne ya fi tudu ya fi faɗi, sai bawul ya buɗe da wuri, ya yi zurfi, ya makara wajen rufewa. A nan ya kamata a ce wa masu tsofaffin Jincheng da Suzuki AX100 masu haɗa mai da baƙin mai, wannan zance bai shafe su ba, domin injinsu ba shi da bawul balle kamshaf.

To, me ya sa makarar rufewa ke ƙara ƙarfi a wani wuri ta rage a wani? Ku ɗauki makiyayin da ke shigar da tumaki garke. Idan garken a guje yake tahowa, duk daƙiƙar da ya ƙara kafin ya ja ƙyaure wasu ne za su ƙara afkawa ciki. Idan kuwa a hankali suke tafe suna kiwo, barin ƙofa a buɗe ba abin da zai jawo sai na ciki su juyo su fice. Haka iska take a bakin bawul. Lokacin da inji ke kuka a sama, iskar tana shigowa da gudun da ko fistan ya fara dawowa sama ba za ta tsaya ba, sai silinda ta cika fiye da yadda ta saba, ƙarfi ya ƙaru. Amma idan inji yana ƙasa-ƙasa, fistan ɗin da ya juyo zai tura wani kaso na abin da ya shigo ya koma ta inda ya fito, wani kason kuma ya bi ta salansa ba tare da ya ƙone ba. Matsi ya ragu, ja ya ragu, mai ya tafi a banza, mashin ya riƙa shaƙewa idan an tsaya. Wannan ba aibin wani kamfani ba ne, ɗabi'ar iska ce, kuma babu bakaniken da zai iya yi mata wayo da ƙusumbi guda.

Manyan kamfanoni ma sun amsa haka da kuɗinsu. A 1989 Honda ta fito da tsarin da ta kira VTEC a motarta Integra, inda aka sa ƙusumbi iri biyu a kamshaf ɗaya, mai laushi na tafiyar yau da kullum, da mai tudu wanda ba ya kama aiki sai inji ya hau sama. Yamaha ta yi irin wannan a ƙananan injinanta masu cc 155 na NMAX da R15, ta kira shi VVA. Da a ce ƙusumbi ɗaya zai iya ba da ja a ƙasa ya kuma ba da gudu a sama, waɗannan kamfanoni ba za su ɓata shekaru da dukiya wajen ƙera na'urar sauyawa tsakanin biyu ba. Babur ɗin da ke hannun mutanenmu ƙusumbinsa ba ya sauyawa a kan tafiya, saboda haka dole a zaɓi wuri guda da ƙarfin zai zauna, ko ƙasa ko sama.

Ina ne kuwa mahayin Batsari yake zaune? Kwalta tana nan daga Katsina zuwa Batsari, tana nan daga Dutsinma zuwa Safana, amma mafi yawan aikin mashin daga inda kwalta ta ƙare yake farawa. Hanyar gona ce, da burtali, da yashin rafi da rani, da taɓo da zaizaya da damina. Ranar kasuwa a ɗora buhun rogo ko na dankali ko na gero a baya, wani a kan tanki, ko a goyo magidanci da iyalinsa, ko a ɗauko mara lafiya ana riƙe da shi zuwa asibiti. A irin wannan tafiya giya ta biyu da ta uku ke aiki, inji yana ƙasa da tsakiya, kuma abin da mahayi ke roƙo shi ne idan ya murɗa totur a tsakiyar yashi mashin ya amsa nan take ba tare da an riƙa murza kuloci ba. Wato daidai wurin da kamshaf ɗin tsere ke rage ƙarfi, nan ne wurin neman abincinsa. Babu wanda ya sayar masa da babur na musamman mai hawa kwalta da daji irin Honda XR150L ko Yamaha XTZ125, amma hanya ta mayar da Boxer ɗinsa hakan ko ya so ko bai so ba. Su kansu waɗancan babura da aka ƙera don daji, da gangan aka sa masu kamshaf mai laushi.

Sai mu zo kan lissafi, domin a nan ne yawancin zumuɗi ke sanyi. Boxer mai cc 100 ƙarfinsa wajen doki 8 ne. A ce an yi sa'a, canjin kamshaf da duk abin da ke biye da shi ya ƙara kashi 10 cikin 100, to abin da aka samu bai cika doki guda ba. Kuma gudu ba ya ƙaruwa daidai da ƙarfi, saboda iskar da ke tare mahayi tana ƙara nauyi da sauri fiye da yadda gudun ke ƙaruwa: kafin a ninka gudu sau biyu sai an ninka ƙarfi kusan sau takwas. Ƙarin kashi 10 na ƙarfi zai ba da kusan kashi 3 na gudu. Mashin ɗin da ke tsayawa a kilomita 90 a awa zai kai 93 ke nan, a kan kwalta mai kyau, ba kaya, ba goyo. Ga kuma birki, wanda har yanzu na ganga ne gaba da baya, bai san an yi wa inji ƙari ba.

Akwai wani tarihi da ya kamata kowane bakanike ya sani, domin ya shafi injin da yake kwancewa kullum. A 1974 Honda ta tura injiniyoyinta su zagaya ƙasashe irin su Tailan da Indonesiya da Filifin da Pakistan, su gano dalilin da ya sa baburanta ke saurin lalacewa a can. Suka tarar ana ɗora wa babur iyali guda da kaya, ba a juye baƙin mai sai ya yi kauri, matatar iska ta toshe da ƙura, ba a zuwa wurin gyara sai mashin ya tsaya cak. Injinan kuwa kamshaf ɗinsu a saman kai yake, wurin da mai ke isa a ƙarshe, kuma nan ɓarnar ke farawa. Amsar da suka bayar ita ce CG125, wanda ya fito a 1975. Suka sauko da kamshaf ƙasa kusa da mai, suka sa ƙusumbi guda ɗaya tak yana aiki wa bawul biyu ta hanyar sanduna, suka sa matatar iska ta soso da ake wankewa. A takarda wannan koma-baya ne, don injin ba ya jure kuka a sama kamar na baya. A kan hanya kuwa shi ne injin da Brazil ta fara ƙerawa a Manaus tun 1976, wanda kamfanonin Sin suka kwaikwaya suka cika kasuwannin Afirka da shi. Mutanen da suka fi kowa sanin tsere sun dubi hanyoyi da aljihu irin namu, sai suka zaɓi kamshaf mai haƙuri. Mai irin wannan inji ma ya sani, tunda ƙusumbi ɗaya ke hidimar bawul biyu, duk abin da aka yi wa na shiga an yi wa na fita, ba damar gyara ɗaya a bar ɗaya.

Kamshaf kuma ba ya zuwa shi kaɗai. Idan bawul zai ƙara zurfi, sai an auna tazarar da ke tsakaninsa da kan fistan, in ba haka ba ranar da suka haɗu bawul ya lanƙwashe, wani lokaci har kan silinda ya tafi. Sai an duba ko sifirin zai iya dawo da bawul a kan lokaci, idan an sa mai tauri kuma roka da ƙusumbi su fara cin juna da wuri. Sai an sake jet ɗin kafireto, domin iska ta ƙaru, idan mai bai ƙaru ba injin zai yi zafi fiye da kima. Mu tuna inji ne da iska kaɗai ke sanyaya shi, baƙin mansa wajen lita guda ne, a ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga fetur ɗin kwalba na bakin hanya da ba a san abin da aka gauraya masa ba. Daga nan sai a ce salansa ta matse, a fasa ta. Kowane mataki kuɗi ne, kuma ƙarshensu duka ƙarin shan mai. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Ɗan kabu-kabun da ke biyan balas kowace yamma ya fi kowa sanin abin da ƙarin rabin lita a yini ke nufi.

Yanzu ga hujja mafi nauyi da za a kawo mini, kuma ba zan raina ta ba. Wani zai ce, malam, kana magana kamar ba ka san inda Batsari da Safana suke ba. Gefen dajin Rugu ne, shekaru ana fama da 'yan bindiga masu hawa babura, kuma akwai ranar da tazarar da ke tsakanin mutum da ajalinsa gudun mashin ɗinsa ne. Wannan gaskiya ce mai ɗaci. Amma a tambayi inda irin wannan gudu ke faruwa. Ba a kan miƙaƙƙiyar kwalta ba ne inda za a ƙure giya ta huɗu. A hanyar gona ne, a kwana, a gangaren rafi, inda abin da ke ceton rai, da ikon Allah, shi ne mashin ya tashi a bugu ɗaya, ya fizga daga tsaye da mutum biyu a kai, kada ya mutu a tsakiyar yashi. Kamshaf ɗin tsere yana taɓa waɗannan ukun ne ta mummunan gefe. Ƙarin kilomita 3 a ƙololuwar gudu ba zai fanshi mashin ɗin da ya shaƙe a hawan gaɓa ba. Sannan rashin tsaro ya koya wa yankin darajar kowace lita. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta hana sayar da fetur a jarka a gidajen mai, ta hana goyon mutum uku a babur, ta dakatar da cinikin tsofaffin babura a kasuwar Charanchi, aka kuma taƙaita gidajen man da za su yi aiki a ƙananan hukumomin da ke bakin daji. A irin wannan lokaci mashin ɗin da ya fi amfani shi ne wanda tankinsa ke kai mutum nesa ya dawo da shi. Mai fasasshiyar salansa kuwa, ban da shan mai, shelar zuwansa yake yi wa duk wanda ke cikin daji, ya kuma jawo wa kansa tambayoyi a shingen jami'an tsaro.

Hujja ta biyu ita ce, ai a waje ana yi kuma ana jin daɗi. Haka ne. A Amurka masu Yamaha TW200, ɗan babur mai faffaɗar taya da ake sayarwa tun 1987, da masu Suzuki DR200, suna sayen kamshaf daga kamfanoni irin su Web Cam da Megacycle. A Japan sunan Yoshimura ya samo asali ne daga mutumin da ya shahara da goge kamshaf da hannunsa tun shekarun 1950. Sai dai a dubi halin mai yin. Yawanci babur ɗin na shaƙatawa ne a ƙarshen mako, yana da motar zuwa aiki, matsalarsa ita ce ƙaramin inji ba ya iya bin sahun motoci a babban titi, idan aikin ya ɓaci kuma zai jingine shi a gareji har wata uku ba wanda zai kwana da yunwa. Yana samun takardar da ta faɗi zurfin ƙusumbi da digirin buɗewa da rufewa, akwai na'urar gwada ƙarfin inji kusa da shi. Za a iya ƙara cewa akwai kamshaf mai matsakaicin tudu wanda ke ƙara ja a tsakiya ba tare da ya kashe ƙasa ba, kuma wannan ma gaskiya ne, musamman idan an haɗa shi da faɗaɗa silinda. Amma sanin cewa wanda ke hannunka irin wannan ne yana buƙatar awo, ba rubutun jikin kwali ba. Kamshaf ɗin da ba a san ma'auninsa ba, ba a san taurin ƙarfensa ba, caca ce da injin mutum. Wanda aka goge a gida kuwa, fatar ƙusumbi ce kaɗai aka ƙona ta yi tauri a masana'anta, idan dutse ya cinye ta abin da ke ƙasa ba ya daɗewa.

Abin da na fi yarda da shi shi ne, yawancin masu cewa mashin ɗinsu ba ya ja, ba ƙarin ƙarfi suke nema ba, ƙarfin da ya ɓace masu suke nema. Babur ɗin da ya shekara biyu a hanyar Kandawa ko Babban Duhu ba shi ne wanda aka fito da shi daga kwali ba. Tazarar bawul, wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, ta gauce: idan ta matse bawul ba ya zama daidai, matsi ya zube har bakinsa ya ƙone, idan ta yi yawa a ji ƙaf-ƙaf kuma buɗewar ta ragu. Sarƙar taimin ta saki, lokacin buɗewa ya ja baya. Matatar iska ta cika da ƙura, ko an cire ta gaba ɗaya wai don mashin ya sha iska, ƙasa ta shiga ta cinye ringi. Kuloci ya gaji yana zamewa, sarƙar taya ta bushe, taya ba iska, birki yana kamawa. Kowane ɗaya yana satar ɗan abu, idan aka tara su suna iya fin abin da kamshaf ɗin tsere ya yi alkawari. Filagejin auna bawul, da sabon fulogi, da wanke matata, da juye baƙin mai a kan lokaci, duk kuɗinsu bai kai na kamshaf da jet da sifirin ba. Wanda kuma aikinsa dakon kaya ne a yashi, yana da hanya mai arha da ake iya warwarewa cikin rabin awa, wato sufuroket. Idan na gaba mai haƙora 14 ne aka mayar da shi 13, jan da ke isa taya zai ƙaru da kusan kashi 8 cikin 100 a kowace giya. Gudun ƙarshe zai ragu da kwatankwacin haka, inji zai ɗan ƙara kuka a kwalta, shan mai a doguwar tafiya zai ɗan ƙaru, amma an san abin da aka bayar da abin da aka karɓa, kuma ba a buɗe inji ba.

Kada a ɗauka ina cewa kamshaf ba a taɓa shi, ko ina hana yaran gareji gwaji. Matashin da ke da tsohon inji a gefe, wanda ba da shi ake ciyar da gida ba, ya kwance ya auna ya gwada, haka ake zama gwani, kuma wanda ya fahimci dalilin da ya sa ƙusumbi mai tudu ke kashe ja a ƙasa ya fi wanda bai taɓa tambaya ba iya saita bawul. Sannan kamshaf yana cinyewa kamar kowane ƙarfe, musamman a mashin ɗin da aka bari baƙin mai ya ƙare masa. Alamarsa ƙarar da ba ta tafiya ko an saita bawul, da zane ko rami a fuskar ƙusumbi, da ƙyallin garin ƙarfe a cikin man da aka juye. Irin wannan a canza shi da na asali daidai da lambar injin, a canza roka tare da shi domin tsohuwar roka za ta cinye sabon ƙusumbi, a duba sarƙar taimin da abin da ke ɗaure ta, a tabbatar mai yana hawa kai kafin a rufe murfi. Bayan ɗan tafiya kaɗan a dawo a sake auna tazarar bawul da inji a sanyaye.